Mai famfo ya ce dubu 25, mai wayarin ya ce dubu 95, wa zan bi?

Assalamu alaikum Malam. Dan Allah shawara nake nema. A Kano nake zaune gidan haya, ɗaki biyu da falo, mai ɗakina cikinta wata takwas, in Allah ya kaimu haihuwar tsakiyar sanyi zata faɗo, kuma mun yi magana ba zata tafi wankan gida ba, gwaggonta ce zata zo ta zauna da ita. Yanzu da hitar bokiti muke ɗuma ruwa, kwanaki saura kaɗan yarona ɗan shekara uku ya tsoma hannu a ciki. Shine nace bari in sa hitar bango a banɗaki. Na je kasuwa ance min mai lita 30 dubu 160. Mai gyaran famfo yace dubu 25 zai ɗaura min har ya jona ta a soket ɗin ɗakin kwana tunda bango ɗaya ne. Shi kuma mai wayarin da abokina ya turo yace ina, sai an ja sabuwar waya daga DB (akwatin da ke raba wutar gida), a sa ELCB (na'urar da ke yanke wuta in tana yoyo), a kafa at (wayar da ke kai wuta cikin ƙasa), ya rubuto min dubu 95 banda kuɗin mai famfo. Mai gidan kuma yace kar wanda ya fasa masa tayil. Ni gani nake mai wayarin so yake ya ci kuɗina kawai. Sannan akwai wani izini ko takarda da ake nema kafin a sa? Albashi nake ɗauka ga hidimar suna a gaba.

Mai iyali, Kano

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sauke ta lafiya, ya kawo mai albarka, ya bada abin hidima.

Bari in faɗa maka tun daga farko kar in ja ka da nisa: mai wayarin ya fi mai famfo gaskiya. Ban ce dubu 95 ɗin nan ba za'a iya rage ta ba, ana iya ragewa kuma zamu zo wurin, amma abubuwa ukun da ya lissafa maka, waya ta daban da ELCB da at, ba ƙari ba ne da ya ƙirƙiro don ya samu na cefane. Su ne aikin. Ɗaura tankin a bango kowa zai iya.

Kuma in yi wa mai famfo adalci, ba ƙarya ya yi tsagwaronta ba. Hita mai lita 30 yawanci wat 1500 take ci, in ka raba da volt 230 da ake cewa shi muke samu zaka ga amp 6 da rabi ne, soket ɗin gida kuma amp 13 aka rubuta a jikinsa. To a takarda zai ɗauka. Shi yasa zaka ji wani yace ai ni shekara nawa tawa a soket take ba abinda ya faru. Matsalar ita ce kai baka san wace waya ce a bayan soket ɗin nan ba, ba kai ka gina gidan ba, kuma gidan haya da yawa duk abinda ya fi arha shi ake sakawa tunda mai gidan ba shi zai kwana a ciki ba. Wayar na iya zama siririya irin ta kwan fitila, tana iya zama an jona ta a cikin silin da salatif, kuma kusan tabbas layi ɗaya take da firji da dutsen guga da butar lantarki. Dutsen guga minti goma ne an kashe, hita kuma awa guda cur take jan wuta ba hutawa, duk inda noti ya ɗan saki a hanya nan wurin zai riƙa ɗumi yana ƙonewa a hankali, da farko wari kawai zaku ji kamar ana ƙona roba kuce maƙwabta ne. Ga shi lokacin hunturu komai a bushe yake ƙamas, katakon rufi da silin da labule, lokacin ne 'yan kwana-kwana basa samun barci.

Amma gobara ma ba ita ce ta fi bani tsoro ba. Ka san yadda abin yake a ciki? Ƙarfen da ke ɗuma ruwan bututu ne, a cikinsa akwai waya mai ɗaukar zafi an zagaye ta da wani farin gari da ke hana ta taɓa jikin bututun. Ruwan burtsatse da na rijiya sau da yawa suna da gishirin ƙasa, irin farin abin nan da kake gani ya daskare a gindin butar shayi, shi yake taruwa a jikin ƙarfen, zafi ya kasa fita, wata rana bututun ya tsage, ruwa ya shiga ya taɓa wayar. Daga wannan lokacin jikin tankin da kan famfon da duk wani ƙarfe da ke haɗe da su suna ɗauke da wuta, kuma hitar tana iya ci gaba da ɗuma ruwa lafiya lau ba wata alama. In akwai at, wato waya daga jikin hitar zuwa sandar jan ƙarfe da aka dasa a ƙasa, wutar tana da hanyar gudu, ELCB ya ji ta yana yoyo ya yanke nan take. In babu, to jira take sai wanda ya fara taɓa famfo da jiƙaƙƙen hannu, ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen tayil. A gidanka kuma ka san su waye zasu fi shiga banɗakin nan a kwana arba'in masu zuwa.

Wani zai ce ai akwai bireka a DB, wato makunnin da ke faɗuwa da kansa in wuta ta yi wa waya yawa. Bireka waya yake karewa, ba mutum ba. Mai amp 20 ba zai motsa ba sai wuta ta wuce amp 20, alhali abinda bai kai kashi ɗaya cikin goma na amp guda ba in ya bi ta ƙirji yana iya hargitsa bugun zuciya. Shi yasa ELCB ɗin da ake so ga banɗaki shine wanda aka rubuta 30mA a jikinsa, wasu an rubuta musu RCCB ko RCD, aikin dai ɗaya ne, ya ga wutar da ta fita ba ita ta dawo ba sai ya yanke kafin ƙiftawar ido. Ka duba wannan lambar da idonka, don akwai masu 100mA da 300mA a kasuwa, su na kariya daga gobara ne ba na ran mutum ba, kuma mai shago ba lallai ya gaya maka ba.

To yanzu maganar kuɗi, yadda zaka gane ko akwai cuta a dubu 95. Kar ka yarda da jimla. Ka kira shi ka ce ya rubuta maka abu ɗaya-ɗaya da kuɗinsa: waya 2.5mm guda uku, ta wuta da ta nutural da ta at mai kore da rawaya, mita nawa daga DB zuwa banɗaki (ku auna tare, ba da baki ba), bireka amp 20 guda ɗaya, makunnin hita irin babban nan mai jar fitila da ke yanke wayoyi biyu lokaci guda, ELCB, sandar at da abin ɗaure ta, farar robar nan da ake rufe waya a saman bango, sai kuɗin hannunsa daban. In ya rubuto sai ku tafi kasuwa tare, Sabon Gari ko wajen France Road, ka taya a shago biyu uku, ka biya da hannunka ka karɓi rasit. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, wanda ya fara cewa ai baka yarda da ni ba kenan, to a nan ribarsa take. Waya ita zata fi cin kuɗi saboda jan ƙarfe ya yi tsada, kuma nan ne jabu ya fi yawa. Wayoyin da ake yi a ƙasar nan irin su Coleman da Cutix da Nigerchin suna da suna mai kyau, dalilin da yasa ake buga sunansu a jikin na bogi kenan. Ka ce a yanko maka ɗan guntu ka kankare da wuƙa, in ka ga fari ya fito a ƙarƙashin jan to alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, ka ajiye ka wuce. Kuma ba sai ka sayi nadi guda ba, ana sayarwa da yadi.

Inda za'a iya samun sauƙi sosai shine at. Ka ce ya buɗe DB da soket ɗaya a gabanka. In gidan dama yana da sandar at mai kyau kuma ya gwada ta da mita ya nuna maka, to ba sai an kafa wata ba, wannan kuɗin ya fita. Amma kar ka ga soket mai rami uku ka ɗauka shikenan, gidaje da yawa ramin saman nan ba komai a bayansa, ko kuma akwai wayar amma ta ƙare a cikin silin. In sai an kafa, a nemi wuri mai danshi kamar kusa da magudanar ruwa, don ƙasar Kano a watan Janairu bushewa take yi sosai, sanda a busasshiyar ƙasa aikinta kaɗan ne, shi yasa zaka ga masu aikin suna zuba gawayi da gishiri a ramin.

Shi ma mai famfo dubu 25 ɗinsa ka tambaye shi me da me ke ciki, ina kyautata zaton kuɗin hannu ne kawai, ranar aiki zai fara aikenka. Ruwan zafi ba'a bi da shi ta farin fayif ɗin PVC na ruwan sanyi, laushi yake yi ya saki a mahaɗa, PPR ake sawa, koren nan da ake haɗawa da injin zafi, a Ƙofar Ruwa zaka same shi. Akwai kuma wani ɗan bawul da yake zuwa a cikin kwalin hitar, ana ɗaura shi a bututun shigar ruwan sanyi, yana hana ruwan zafi komawa baya kuma in matsi ya yi yawa a tanki yana sakin ruwa ɗis-ɗis. Masu aiki da yawa sun tsani wannan ɗigar saboda mai gida yana kiransu yace aikinku yana yoyo, sai su toshe bakin ko su ƙi sawa gaba ɗaya. Kar ka yarda wallahi. Ruwa in ya ɗau zafi ƙaruwa yake, in abin saita zafin ya lalace ruwan ya tafasa a rufaffen tanki ba wurin fita, fashewa yake yi. A sa masa 'yar tiyo ta sauka ƙasa wajen rariya, shikenan.

Sai nauyi. Lita 30 na ruwa kilo 30 ne, ga nauyin tankin kansa, duk a rataye saman kan mutum. Bulon da ake gina gidan haya da shi wani in ka sa ƙusa yashi ne zai zubo. Mai famfon ya yi amfani da manyan kusoshi masu buɗewa a cikin bango, in bulon ramin ne kawai a ciki gara a huda har ɗaya gefen a ɗaure da noti.

Akwai tambaya biyu da baka yi ba, kuma su ya kamata ka fara amsawa kafin ka cire ko sisi. Ta farko, gidan yana da tankin sama da ruwa ke gudu a famfo kullum? Don in ruwan 'yan garuwa kuke saye ana juyewa a durom, to hitar bango ba taka ba ce, ba'a zuba mata ruwa da kofi, ruwan sanyi da ke shigowa ta ƙasa shi yake turo na zafi waje. Kuma in tankin sama yana yawan ƙarewa, ranar da hitar ta zama ba ruwa a ciki wani ya kunna, ƙarfen ɗumin ya ƙone cikin ɗan lokaci, kuma wannan waranti baya biya. Sai ka koya wa kowa a gidan, har gwaggo, a fara buɗe famfon zafi a ga ruwa na zuwa sannan a kunna.

Ta biyu, awa nawa kuke samun wuta kuma da wane ƙarfi? In unguwarku wutar da ake kawowa irin mai sa fanka juyawa kamar tana jin barci ce, ka sani hita ta fi kowa jin jiki, a volt 180 mai wat 1500 abinda zata bayar bai kai wat 1000 ba, aikin awa ɗaya ya koma fiye da awa ɗaya da rabi. Ƙaramin janareta irin na cajin waya da kallon ƙwallo ba zai ɗauke ta ba ko kusa, inbata kuma in ka jona mata ka gama da batir. Ka gaya wa mai wayarin ya sa ta a layin wutar NEPA kaɗai. Alherin mai tanki dai shine tana riƙe zafi awanni, in an kawo wuta ƙarfe biyun dare ta ɗuma, da asuba akwai ruwa ko an ɗauke. Shi yasa in mai shago ya nuna maka ƙaramar nan marar tanki mai ɗuma ruwa yana wucewa yace ta fi arha, kar ka biye masa. Ita sai da wuta a daidai lokacin wankan, kuma mai wat 3500 a ruwan sanyin hunturu wajen lita 2 take bayarwa a minti, bokiti guda minti goma kenan kana tsaye, mai wat 7000 kuma amp 30 take ja, sai waya 6mm, kuɗin wayarin ya ninka.

Bari mu yi lissafin yunit tunda mita ce zata riƙa tuna maka. A ce ruwan tanki da asubar Janairu yana kan digiri 15, kana so ya kai 60. Lita 30 zata ci wajen yunit 1.6, cikin awa ɗaya da 'yan mintuna in wuta da ƙarfi. Wannan ruwan in aka sirka shi ya dawo daidai wanka zai bada fiye da lita 50, bokiti biyu da rabi ko uku, ya ishi mai jego da jariri. Kuɗin kuma ya danganta da layin da kuke. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da harkar lantarki ta NERC ta ƙara wa 'yan Band A kuɗi, wato waɗanda aka ce suna samun awa 20 zuwa sama, yunit ya haura naira 200, an fara da 225 daga baya ya zauna wajen 209 da 'yan kwabbai. To ɗumi ɗaya naira 335 kenan, safe da yamma na kwana arba'in yunit 128, kusan dubu 27. In kuna Band B zuwa ƙasa bai kai rabin haka ba. Ka duba rasit ɗin katin da ka saya na ƙarshe, ka raba kuɗin da yunit ɗin da aka baka, zaka ga naka farashin. In ka kwatanta da gas, ɗuma lita 30 a tukunya yana cin kusan rubu'in kilo saboda rabin zafin a iska yake tafiya, sau 80 kilo 20 kenan, tukunyar 12.5 ɗaya da rabi har da ɗoriya. To ba wai hita ce mai tsadar ba, tsadarta a ranar farko take.

A nan ne kuma wani zai zo maka da shawarar shaiɗan, yace bari a ɗauko mata waya ta bayan mita, ai kowa haka yake yi da hita da AC. Banda haƙƙi da ke ciki, dokar lantarki ta 2023 ta sa shi cikin laifukan da ake tara da ɗauri a kai, kuma a farkon 2025 NERC ta sa tarar naira dubu 100 ga mai mita layi ɗaya a kamun farko, banda biyan wutar da aka sha a baya. Ga shi wayar da aka ɗauko ta can yawanci bata bi ta bireka bata bi ta ELCB, ka koma inda muka fara.

Maganar izini. A Amurka garuruwa da yawa sai ka karɓi takarda kafin ka canza hita, jami'i ya zo ya duba bayan an gama, a California har ɗaure tankin ake sa mutum ya yi da maɗauri saboda girgizar ƙasa. Mu nan ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa daga ƙaramar hukuma ko kamfanin raba wuta na KEDCO don ka rataya hita ɗaya a banɗaki. Amma ba wai babu ƙa'ida ba ne. Akwai hukumar NEMSA da aka kafa da dokar 2015, ita ke tantance masu aikin wayarin tana basu shaida, ka tambayi naka ko yana da ita, in yana da ita alhamdulillahi, in babu aƙalla ka ga gidajen da ya yi wa aiki ka ji bakin masu gidan. Kayan da ake shigowa da su kuma hukumar SON ce ke da alhakin ingancinsu, don haka ka sayi hitar a kwalinta da takardar waranti da hatimin shago, Ariston ita aka fi sani amma ita ma ana kwaikwayonta, akwai wasu masu kyau da basu kai ta kuɗi ba. Ta hannu dai ban baka shawara ba, tsatsar a ciki take ba ka gani. Farashi kuma ka sake tayawa ranar da zaka saya, tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 kayan waje basa kwana biyu a kuɗi ɗaya. Tunda babu jami'in da zai zo dubawa, kai ne mai dubawar.

Izinin da kake buƙata da gaske na mai gidan ne, kuma maganarsa ta tayil tana da sauƙin warwarewa. Ku da bokiti kuke wanka ai, to me zai sa a fasa bango a kai ruwan zafi shawa? A rataya hitar, a ɗauko ruwan sanyi daga fayif mafi kusa ta saman bango, a sauko da ɗan guntun PPR daga bakin zafi a sa masa kan famfo ɗaya daidai tsayin da yaro ba zai kai ba, bokiti a ƙasa. Waya ta bi ta silin ta sauko cikin roba, makunni a wajen banɗaki gefen ƙofa, ba a ciki ba. Ramin da za'a yi a tayil na kusoshi ne, huɗu ko shida. Ka je masa da kanka ba a waya ba, ka nuna masa hakan, ka kuma nuna masa at da ELCB gidansa suke karewa, in mai sauƙin kai ne ka roƙi a cire kuɗinsu a haya mai zuwa tunda ba zaka tone sandar ka tafi da ita ba. Ko ya yarda ko bai yarda ba ku rubuta a takarda, ko da saƙon WhatsApp ne, cewa hitar taka ce ranar tashi zaka cire ka toshe ramukan, dillalin da ya baka gidan ya zama shaida. Rigimar masu haya da masu gida rabi daga "ai ka ce" take farawa.

Ta sola mai ɗuma ruwa a kan rufi ita ta fi dacewa da ranar da Allah ya bamu a arewa, ba yunit ba NEPA, amma ta mai gidan kansa ce, ga tsada ga nauyi a kan kwano. Ta gas ta bango kuma kar ta shiga banɗaki mai ƙaramar taga, hayaƙinta marar wari yana kashe mutum a rufaffen wuri, haka kaskon gawayi da ake shiga da shi don ɗumama ɗaki.

Tunda gwaggo ce zata yi wankan, ka san su da son ruwa yana tafarfasa a sa ganyen darbejiya a yi ta fyaɗawa. Kai ba zaka iya gaya mata ba, surukuta, amma ka sa mai ɗakinka ta tambayi ma'aikatan asibiti wajen awo kuma ta faɗa a gaban gwaggon abinda suka ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da yawan kunun kanwa da zafin da ake gasa mai jego da shi. Abin saita zafin hitar a bar shi wajen digiri 60, ƙasa da haka sosai ƙwayoyin cuta na iya zama a tankin, amma ruwa mai 60 yana sale fatar yaro cikin daƙiƙu, don haka kullum a fara zuba na sanyi a bokiti sannan na zafi. Na jariri kuma ɗumin jiki kawai, wajen 37, a gwada da gwiwar hannu.

In ka haɗa lissafi ka ga 160 da 25 da abinda ya rage na mai wayarin da kayan famfo sun fi ƙarfin aljihunka a wannan watan, to abinda za'a rage shine girman hitar, ba wayarin ba. Mai lita 15 ta fi arha, rabin awa ta ɗuma, a yi sau biyu. In ita ma bata samu ba, a haƙura da ita bana, a ɗuma ruwa a babbar tukunya a kicin, kai ka riƙa ɗaukowa da kanka kafin ka fita aiki, kar mai jego ta ɗauki nauyi. Hitar bokitin nan dai ka ɗauke ta daga gidan yau, ba sai an haihu ba, don mace mai jego da bata samu barci ba ita ce zata kunna ta manta ruwa ya ƙone. Kayan fitar suna da rabon robobi kuma ana iya rage su ba wanda zai mutu.

Ranar aiki ka zauna a gida, kuma ka riƙe wani abu daga kuɗin hannunsu sai an gwada. A buɗe famfon zafi a bar tankin ya cika har ruwa ya riƙa fita ba tari ba iska, sannan a kunna. Ka danna ɗan maɓallin gwaji da ke jikin ELCB mai alamar T, dole wutar ta yanke nan take, in bata yanke ba aiki bai gama ba, kuma ka riƙa danna shi lokaci-lokaci bayan haka. Ka sa ya buɗe murfin ƙasan hitar ya nuna maka wayar kore da rawaya a ɗaure a jikin notinta, ba a naɗe a gefe ba. Bayan ta yi kamar minti arba'in tana aiki ka ɗora bayan hannunka a kan makunnin da birekan, ɗan ɗumi ba komai, in da zafi akwai notin da bai ɗauru ba. Ka jira har fitilar jikinta ta mutu da kanta don ka tabbatar abin saita zafin yana yankewa, ka bi mahaɗan fayif da busasshen tsumma. Sannan ka tara mutanen gidan ka gaya musu a kashe makunnin waje kafin kowa ya shiga wanka, ko da ELCB ko babu, sai ka ba masu aikin cikon kuɗinsu ka karɓi lambar wayar kowannensu.